Jarka Biyu a Zaurenmu

Shekarar da ƙafafun Inna suka shanye, kullum da safe sai in tarar da jarka biyu cike da ruwa a zaurenmu. Mu biyu ne a gidan, ni da ita. Famfon unguwarmu a Daura ya daɗe da ƙafewa, sai an je rijiyar burtsatse can bayan kasuwa.

A lokacin kaina cike yake da littattafan soyayya. Na yanke wa raina cewa aikin wani saurayi ne mai gyaran babur, wanda kan bi ni da kallo in na wuce. Na yi masa godiya, ya yi murmushi, bai musa ba. Murmushin nan na yi ta juyawa a zuci kusan shekara.

A gidan da ke jikin namu wata tsohuwa ce ke haya, Ibo, Kirista, ɗanta na sayar da kayan gyaran mota. In ta shigo duba Inna, akwai kofin roba da muka ware mata, tana fita a wanke shi da toka. Tana gani.

Wata rana da damina muna bakin gonar bayan gida, ta nuna gawo tsaye ba ganye, alhali ko'ina ya yi kore.

"'Yata, icen nan ya mutu ne?"

"A'a, Mama. Shi da damina yake zubar da ganye. Geron ƙarƙashinsa ya fi na ko'ina kyau."

Ta daɗe tana kallonsa.

"A coci haka ake ce mana mu zama, mu rage kanmu don wasu su amfana. Akwai wuya."

Ni dariyar Hausarta na yi.

Da bazara ta rasu. Ɗanta ya sa akwatin a mota suka yi kudu. A layinmu ba wanda ya shiga ta'aziyya, ni ma leƙe kawai na yi. Washegari zaure wayam. Na jira kwana biyu, sannan na ɗauki bokiti na nufi burtsatse.

Mai gadin wurin ya ce, "Ina tsohuwar layinku? Da asuba take zuwa da baro. Ta roƙe ni kar in faɗa, wai in kun sani ba za ku sha ba."

Da na gaya wa Inna sai ta juya fuska bango. Can ta ce, "Da ruwan nan na yi ta alwala."

Ta juyo ta dube ni.

"Ina kofin nan?"

Na kawo mata. Da shi ta riƙa shan ruwa har ta rasu.