Takobin Baba da Man Gyaɗa

A zamanin da gyaɗa ke tashe, maigidana yana sayenta a Gwarzo yana kaiwa kanti. Can ya ga wani Bature ya jera tsofaffin takubban yaƙi a bango, shi ke nan ya kwaso mana cuta. Mutumin da ko jaki ya hau sai an riƙe masa, wai shi ne mai tara takubban barade. Duk ƙauyen da ya je awo, Kara ko Mainika, sai ya lallaɓi wani tsoho ya raba shi da na kakansa.

Tarin bai dame ni ba, gyaran nasa ne ya ishe ni. An ce masa mai yana hana tsatsa, shi kuwa man gyaɗa ne a gabansa, sai ya dinga kwarara shi har cikin kube. Da bazara ta yi, man ya lalace, ɗakin da yake ajiye su ya ɗauki wari kamar tsohon kaskon suya. Kyankyasai suka tare, ɓeraye suka biyo baya. In na yi magana, ya ce me mace ta sani game da makami.

Abin da ya fi ci mini rai, har da takobin Babana a ciki. A danginmu na ƙauyen Gammo, duk wanda ya yi aure shi yake riƙewa har ya gama kwanakin angwanci. Maigidana ya nace a ba shi ajiya, Baba kuwa kunyar suruki ta hana shi cewa a'a. Ya miƙa masa, sannan ya ja ni gefe ya ce ni ya ba amana, ba shi ba. To ina zan sa ido? Ɗakin a kulle yake sai ranar shara, kuma maigidana yana tsaye a kaina.

Da auren ƙanena ya matso, Baba ya aiko a kawo. Maigidana ya sauko da shi yana taƙama, yana ja sai kuben ya rabe a hannunsa, kyankyasai suka watse a kan tabarma. Ɓeraye sun cinye fatar mariƙin, har da layun da kakanmu ya ɗinke a jiki. Maigidana ko a jikinsa, wai in naɗe a sabon ƙyalle, ba wanda zai lura.

Haka na kai. Baba ya kwance ƙyallen, warin ya buge shi, ya daɗe yana kallo. Bai ambaci surukinsa ba ko sau ɗaya.

"Mayar masa, 'yar nan," ya ce. "Wannan ba ya shiga hannun ango."

Da wuƙar yanka kaji ƙanena ya yi angwancinsa. Baba kuwa har ya koma ga Allah bai sake ba ni ajiyar ko allura ba.