Ƙarar da Ke Ƙarƙashin Kujerata a Hanyar Orozo

Mun tashi daga Nyanya ana fitowa daga sallar asuba. A ƙofar gida, da surukina Baba ya ja motar baya don in shiga, sai na ga wani jan mai ya ɗiga a ƙasa, ba ta wajen inji ba, daidai tsakiyar inda motar ta kwana. Na kalla, na kau da kai. Ban cika shekara da aure ba, ko ido ban taɓa haɗawa da Baba ba, balle in ce masa motarsa na yoyo. Ga kuma cikin fari da nake ɗauke da shi, wanda ban da mijina babu wanda ya sani a gidan.

Sabuwar doya za mu saro a wani ƙauye bayan Orozo. Surukata ce ke zuwa, amma gwiwa ta hana ta, mijina kuma yana wajen aiki, shi ya sa aka ce in je in zaɓa. Motar tsohuwar a-kori-kura ce mai ja da tayoyi huɗu, Baba yana ji da ita kamar 'yar autarsa. Hannunmu babu cunkoso. Ɗaya hannun kuwa, masu shiga gari sun yi layi tun duhu, wasu har gyangyaɗi suke a kan sitiyari. A Kurudu Baba ya tsaya ya sayo masa da kunu, ya miƙo mini ba tare da ya waiwayo ba. Masar ta ƙanƙance, mai sayarwa ta ce shinkafa ce ta yi tsada.

Muna sauka daga kwalta muka faɗa taɓo, don an kwana ana ruwa. Baba ya ja wata 'yar guntuwar giya da ke gefen babbar, motar ta yi gurnani ta kutsa kamar tarakta. A gona doya sai wadda ka zaɓa, kuma da sauƙi sosai a kan kasuwar Nyanya. Matan Gbagyi suka yi ta kawo ta a kafaɗa. Ɗaya daga cikinsu, dattijuwa da ake kira Mama, ta roƙi a rage mata hanya, ta ce mota na sa ta amai, dole ta zauna jikin taga. Haka na koma tsakiya, gwiwata a jikin guntuwar giyar nan.

Da muka hau kwalta Baba bai mayar da ita ba. Na ji yana ce wa Mama mota da kaya ta fi son ƙarfi huɗu. Ba mu yi nisa ba ƙarƙashin kujerata ya fara kuka kamar injin markaɗe, ƙasan motar ya ɗau zafi har ina ji ta cikin silifas. Duk kwanar da muka sha, sai motar ta ƙage, tayoyi su yi tsalle. Baba ya kunna rediyo yana jin labarai, kunnensa kuma dama da nauyi. Na buɗe baki na rufe ya fi a ƙirga. Ina ta shirya yadda zan faɗa ba tare da ya zama rashin kunya ba.

A wata gangara kusa da Orozo aka ji gam, kamar an buga guduma. Motar ta fizge ta yi gefe, tayar gaba ta faɗa kwata. Na tafi gaba, marata ta daki kan giya. Kowa ya yi salati, Mama ta kira sunan Yesu. Baba ya ce, “Kowa lafiya?” Na ce lafiya lau. Ƙarya nake, marata ta ɗaure tamau.

Mutane suka taru aka turo motar, aka kira wani makanike daga bakin hanya. Ya leƙa ciki ya ga inda guntuwar giyar take, ya kama kai.

“Oga, tun ina ka bar okzilari a ciki?”

“Tun gona.”

“Haba Baba! Wannan na taɓo ne. A kwalta taya ba ya samun zamewa, gaba na ja, baya na ja, akwatin ne yake shan wahala.”

Ya gwada mayar da giyar, ta ƙi motsi. Sai ya sa jak ya ɗaga tayar gaba, tayar ta juya baya da kanta da wani irin ƙas, giyar kuma ta koma salin-alin. Ya shiga ƙarƙashi ya nuna wa Baba akwatin da ke bayan babbar giya, wanda ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya. Ya kwance murfin mai ya zura yatsa, ya fito a bushe. Da ya buɗe na ƙasa, ɗan abin da ya fito baƙi ne wuluk, da garin ƙarfe a ciki. Ya ce robar da ke tare mai ta cinye, sarƙar ciki ta saki tana tsallake haƙora.

“Wannan yoyon ba na yau ba ne. Ba wanda ya ga mai a ƙasa?”

Na sunkuyar da kai. Da na yi magana a ƙofar gida, da gwangwanin mai ne kawai.

Ya ce sarƙa da roba sai an je kasuwar kayan mota ta Apo, amma zai zuba mai, ya cire furofelar gaba, wato ƙarfen da ke juya tayoyin gaba, mu lallaɓa da na baya. Ina zaune kan dutse ina kallon kowane noti da yake kwancewa, ina ji kamar in karɓi sifanar. Ɗaya ya cije, ya yi ta zuba masa mai yana duka. Babu abin hawa sai 'yan acaɓa, ni kuwa ba zan iya ba, kuma ba zan iya faɗin dalili ba. Mama ta tsura mini ido, ta matso ta ce a hankali, “Yarinya, kina da ciki ko?” Hawaye suka ba ta amsa. Ba ta yi shawara da ni ba, ta miƙe ta je wajen Baba.

Ban ji abin da ta ce ba. Na dai ga ya cire hularsa, ya kwanta a ƙarƙashin mota da farar rigarsa yana riƙe wa makanike ƙarfen.

Mun lallaɓa zuwa wani ƙaramin asibiti, Baba na kauce wa kowane rami. A hanya na fahimci cewa kunyar da aka koya mini don in girmama shi ce ta kusa sa shi ɗaukar abin da ba zai taɓa yafe wa kansa ba. Ban daina jin kunyarsa ba, amma in na sake ganin mai a ƙasa, zan faɗa.

Bayan la'asar nas ta gama duba ni, ta ɗora na'ura a cikina ta daɗe tana saurare. Sai ta leƙa waje ta ce, “Ina mijin mai cikin nan?”

Na ji muryar Baba. “Yana wajen aiki. Ni ne ubanta.”

“To Baba, zauna ka huta. 'Yarka lafiya, jikanka ma lafiya.”