Benen Mato da Tsakar Gidan Mutane

Mato ɗan ƙauyenmu ne, nan gabas da Wad Madani. Kafin ya tafi Jidda ba wanda ya san shi da komai sai hawasha, wato gonar auduga da ya gada, da jaki mai taurin kai. Can ya daɗe yana gadi a gidan wani attajiri, kuma ilimi ɗaya tak ya kwaso: da la'asar maigida yakan fito balakona ya sha shayi, yana duban talakawa daga sama. Mato ya rantse sai ya yi haka kafin ya mutu.

Da dawowarsa ya sayar da hawashar, ya tayar da bene a tsakiyar gidajen ƙasa. Ginshiƙai farare a gaba, ba abin da suka ɗauka sai kashin tattabaru. Sama kuwa ya cika shi da tarkacen da ubangidansa ya zubar: agogo mai tsayin mutum wanda ya mutu tun a Jidda, farantan tangaran masu bakin zinariya, da zanen wani Bature a kan doki. Ba a ci a farantan. Mai son kallo sai ya wanke ƙafa, ya harɗe hannu a baya.

"Wanga zane ya girmi kakanka," in ji Mato ga Bilyaminu mai shago.

"To, kakana dai na san sunansa. Wanga wane ne?"

"Wani babba ne."

Abin da mutumin naku ya manta shi ne yadda muke zama. Mu nan in zafi ya taso, rayuwa duka tsakar gida take komawa. Can mata ke girki, can suke shimfiɗa gado, can suke zama a kan ramin turare su sha hayaƙi, katanga ta rufa musu asiri. Ranar da Mato ya fara hawa balakona da butar shayinsa, sai ga gidajen maƙwabta a buɗe gabansa kamar an ɗage faifai. Asabe matar Salih na lulluɓe da bargo a kan raminta, ta ɗaga kai, ta ga rawani.

"Ya zol, kai bawan Allah! Mato! Haƙarƙarinmu aka aiko ka dubawa?"

"Iska nake sha, Hajiya."

"Sauko ka sha ta inda ubanka ya sha!"

Bayan Juma'a dattawa suka zaunar da shi gindin darbejiya. Ya roƙa, ya ce sama kawai zai riƙa kallo. Ya ce a Jidda haka manya ke yi.

Liman Sa'id ya ce, "A Jidda matan wa ke ƙasa? Ko ka toshe, ko ka ɗaga katangar kowa ta kai benenka."

Ba sauran gonar sayarwa. Da hannunsa ya kwaɓa laka ya toshe balakona da tagogi, yara na yi masa sannu da aiki. Sama ta zama tanderu, duhu ƙirin, ko jemage sai ya yi shawara kafin ya shiga.

Rami ɗaya suka yarda ya bari, daidai faɗin fuska, ta gefen da babu gidan kowa sai garken awaki. Har yau da la'asar yakan hau, gumi na zuba, ya taka kujera ya leƙa ta nan da kofinsa. Awakin ba su taɓa ɗaga kai ba.