Ginin da Bai Wuce Ƙugu Ba

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rufin kankare ya faɗo wa ƙanena Ma'azu a wani shago da ake ginawa a Kore Mairuwa. An ce mini zafin abin zai ragu da tafiyar lokaci. Kukan dai ya ragu, amma haushin yana nan, har yau idan na ga itatuwan da ake tokare sabon rufi da su sai na kau da kai.

Ma'azu ya koyi gini ne a makarantar sana'a, kuma shi ya zo na ɗaya a ajinsu. Ni yayarsa, malamar lakkwal, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi, na fi kowa alfahari da takardar difilom ɗin da ya samu. Na sha zuwa makarantar kallon 'yan ajinsu. A fili suke jera bulo da kwaɓin ƙasa da yashi, don siminti ya yi wa makarantar tsada. Bango ya kai ƙugu, malami ya auna da igiya, ya ba da maki, sannan a rushe a tara bulon saboda ajin gobe. Nakan tsokane shi da cewa shi ne maginin da bai taɓa barin gini ya kwana ba, shi kuma ya yi ta dariya. Rufin kankare kuwa a allo suka gan shi, da alli.

Da ya fito, wani ɗan kwangila ya ga takarda, ya ga yaro mai natsuwa, sai ya ɗora shi a kan magina da suka girme shi. Ba su ji daɗi ba, kuma ba su ɓoye ba. Aka zuba kankare. Bai gama kamawa ba ɗan kwangilar ya aiko a zare itatuwan, yana bukatarsu a wani aiki. Ma'azu ya hau ya taka, ya ji ƙarfi kamar dutse, domin saman ya bushe. Wa ya taɓa nuna masa cewa cikin yana nan ɗanye? Ya shiga ƙarƙashi da kansa ya fara zarewa.

Ranar addu'ar uku, ɗaya daga cikin maginan ya zo gaisuwa. Ta bayan zana na tambaye shi ko bai san lokaci bai yi ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malama, mu mun aza an koya mai a lakkwal. Wa ka gyara ma mai takarda?" Wannan maganar ta fi komai tsaya mini a rai. Makaranta ta ba shi shaidar abin da ba ta koya masa ba, waɗanda suka sani kuma suka ja baya suna jiran su ga iyakar boko. Kowa ya ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma ba ita ta sa hannu a difilom ba.

Abin da ya sa na tono wannan a yau shi ne Bashiru, ɗan da Ma'azu ya bari, wanda yake hannuna tun da mahaifiyarsa ta sake aure. Ya girma, ya nace sai makarantar babansa. Na ce mu je mu gani tukuna. An yi sabon fenti, an sayo huluna masu ƙarfi ana ɗaukar hoto da su. Amma a filin nan, ga bango ya kai ƙugu, ga malami da igiya. Na tambaya ko yanzu ana kai ɗalibai wurin gini na gaske. Aka ce mini yana cikin tsari, ana jiran masu tallafi. Da Ma'azu zai leƙo, ba na jin zai yi dariya irin ta da. Zai gane bulon, ina tsammanin har wanda ya taɓa ɗagawa.

A hanyar komawa Bashiru ya ce, "Gwaggo, ba nan babana yay yi na ɗaya ba?" Na ce nan ne. Da hutu ya zo na kai shi gidanmu na Kiyeshe, na nuna masa katangar garken awaki da babansa ya gina wa innarmu. Damina goma sha ɗaya ta sha, ba ta tsage ba, ba ta karkace ba, tsawonta daidai ƙugu. Na ce masa wannan suka koya wa babanka, kuma ya iya shi fiye da kowa. Abin da ba su koya masa ba shi ya mayar da kai maraya.

Katangar ce kaɗai ta rage daga hannun Ma'azu, ita da wannan yaro. Na faɗa wa Bashiru ba zai shiga makarantar ba sai ya fara yin lebura, ya ɗauki kwanon kankare a ka, ya ga ranar da aka zuba rufi, ya tsaya har ranar da aka zare itatuwan, ya kuma koyi tambayar tsofaffi ko da sun yi masa shiru. Ya ce na mayar da shi baya, abokansa za su riga shi takarda. Tun daga lokacin gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ya yi ta fushinsa, in dai kowace yamma zan ji ya turo ƙofa ya shigo da ƙafarsa.