Kaset ɗin Baba Harrison

Baba Harrison, mai gyaran talabijin a Narayi, ya raina idon kowa da kunnen kowa. Tun yana saurayi mai yagar tikiti a wata silima a Kakuri ya yanke hukunci cewa fim ya mutu ran da aka shafa masa kala. Kiɗa kuwa, a wurinsa babu sai tsohon buluz na baƙar fatar Amurka, murya a shaƙe, jita tana kuka. Wani Bature injiniyan masaƙa ne ya bar masa garmaho da faya-fayan, kullum suna juyawa a shagonsa. Maƙwabta suka sa musu suna waƙar makoki, shi kuma ya daina amsa gaisuwarsu.

Da soja suka miƙa mulki a 1999, shagunan hayar bidiyo sun riga sun cika unguwa, fostar 'yan siyasa kuma ta rufe bango. Baba Harrison ya haɗa su duka ya yi musu kuɗin goro. "An ba mutane zaɓi," in ji shi, "sun zaɓi fim ɗin matsafa da mata masu ihu."

Dukiyarsa a duniya kaset ɗaya ne. Fim ne baƙi da fari, labarin wani mai gadin gada da matarsa ta gudu ta bar shi. Sau ɗaya tak gidan talabijin ya nuna shi, ya yi sa'a ya naɗa. Duk Lahadi bayan coci sai ya ja labule ya kalla shi kaɗai, don ya ce matarsa Celina tana tauna gyaɗa a wurin da ya kamata a yi shiru. Gaskiya mutumin yana da wuyar zama, kuma yana alfahari da hakan.

Aka yi bikin 'yarsa Vicky. Ya sha alwashin ba zai taka rawa ga wannan hayaniya ta zamani ba, amma da aka kira uban amarya fili, dangi suka kewaye shi, abin ya fi ƙarfinsa. Bayan biki dangi daga Zonkwa suka matsa sai an ba su bidiyon. Anayo mai ɗaukar bidiyo ya ce a kawo tsofaffin kaset ya juya musu a kai, ya fi araha. Celina ta kwashi na gidan ta kai masa.

Lahadi ta zo, Baba Harrison ya nemi kaset ya rasa, sai a cikin ledar da Anayo ya dawo da ita ya gan shi. Ya tura a bidiyo. Maimakon gada, sai ga rumfa ja da ruwan ɗorawa, ga kuma wani dattijo, hula a karkace, gumi sharkaf, baki har kunne, yana murguɗa ƙugu ana liƙa masa kuɗi a goshi. Shi ne.

"Maman Vicky," ya kira, murya can ƙasa, "wa ya taɓa wannan?"

"Ni ce. Ai na gwada shi kafin in bayar, ba kala ko kaɗan. Na ɗauka ya lalace." Ta leƙo daga kicin. "Sorry, Baban Vicky. Amma ka yi kyau fa a ciki."

Ya juya kaset gaba, ya juya baya, ko minti ɗaya bai tsira ba. Ya tashi ya murɗe kalar talabijin har ta mutu, ya kashe sautin, ya ɗora faifai a garmaho, ya koma ya zauna. Jita ta soma kuka. A cikin akwatin, dattijon nan baƙi da fari ya ci gaba da rawarsa, bai ma san ana yi ba.

Celina ta jawo kujera ta zauna kusa da shi da kwanon gyaɗarta. Bai ce ta tashi ba.