Rabin Waƙar Iya

Har yau ba na kwanciya sai na duba murfin randa sau uku. Ƴaƴana suna dariya, wai Mama tana yi wa randa sai da safe. Ban taɓa gaya musu akwai waƙar da ke tashi a kaina duk lokacin da na ɗora hannu a kan murfin nan ba.

A gidanmu na Birni, Iya ce mai tatsuniya. Mahaifiyar Babanmu ce, daga Dogo aka ɗauko ta da ƙafafunta suka gaza. In an ci tuwo, Baba ya fita sallar lisha, sai ta ja tabarma kusa da murhu, ta tura gujiya cikin toka mai zafi, mu kewaye ta. Ba ta tatsuniya marar waƙa. Ita ke bayarwa, mu ke amsawa, wanda ya rufe baki ta zungure shi da kara ta ce, “Kurma aka haifa mini?”

Shekarar da nake aji uku a lakwal, wato makarantar boko, bazara ta yi tsanani. Kwana huɗu pampon unguwarmu bai ɗiga ba. Ran nan Inna da Yaya Hadiza, babbar yayata, suka fita tun asuba zuwa wata unguwa mai nisa, suka yi sawu uku-uku kafin randa ta cika. Inna ta sauke tulun ƙarshe wuyanta a sage, ta ce, “Wannan na sha ne kawai. Ramatu, in kin sha ki rufe.”

Na sha da la'asar. Ƙawata ta kira ni daga zaure, na fita da gudu. Gab da magariba na dawo na tarar da faifan murfin a ƙasa. Na leƙa: ga tsaka ta mutu tana yawo a kan ruwa, farin cikinta a sama. Mu kuwa tun muna ƙanana aka gaya mana ruwan da tsaka ta faɗa ciki dafi ne. Na sa moɗa na kwashe ta, na jefa bayan katanga, na rufe randar. Babu wanda ya gani. In na faɗa, wahalar Inna duka ta zube a ƙasa. In ban faɗa ba fa? Ban bar zuciyata ta ƙarasa ba.

An ci tuwo da ragowar ruwan tulu, ba a taɓa randa ba. Amma na san Baba. Duk dare in ya dawo masallaci, randa yake fara nufa, ya cika moɗa ya shanye.

“Ga wata ta taso daga Dogo, ƙafarta duk ƙaya,” in ji Iya.

“Ta zauna mu cire mata!” yara suka amsa.

Wai wani gari ne mai rijiya ɗaya tak, kullum da yamma wanda ya ɗebi ruwa ƙarshe shi ke rufe ta. Wata yarinya ta manta. Da ta koma, ta ga wani baƙin abu yana sulalewa ciki. Ta rufe, ta tafi gida ta yi gum. Kurciyar da ke kan tsamiya kaɗai ta gani. Da safe awaki suka sha suka kwanta, sai kurciya ta fara:

“Wa ta bar baki buɗe?”

Yara suka amsa, “Mai shiru ce, mai shiru!”

“Wa ta gani ta ɓoye?”

“Mai shiru ce, mai shiru!”

Ni kuwa na duƙufa ina tonon gujiya a toka. Kara ya same ni a haƙarƙari. “Ke ƙawata, gujiya ce ta shaƙe ki? Amsa!” Na amsa. Da bakina na kira kaina, sau biyu, sau uku. Iya ta ci gaba, wai rana ta biyu wani jaki ya sha ya faɗi, aka sake waƙar, yara har da tafi. Ni ina jin liman ya sallame, ina jin takalman maza a lungu. Iya ta ce rana ta uku uban yarinyar ne ya zo da gugarsa. Daidai nan Baba ya yi sallama. Ya wuce mu, na ji faifai ya motsa, na ji moɗa ta nutse.

Ban san lokacin da na tsallake murhun ba. Na kama hannunsa ina ihu, “Baba kada ka sha! Tsaka! Ni ce!”

Ba a dake ni ba. Da an dake ni ma ya fi mini sauƙi. Inna ta zauna a kan turmi tana shafa wuyanta. Baba ya ce a bar ruwan na wanki, ya je maƙwabta ya roƙo buta ɗaya. Na shige ɗaki na toshe kunnuwa ina kuka, ban ji yadda tatsuniyar ta ƙare ba.

Washegari yaran gida suka sa mini Mai-shiru. Su sun manta cikin wata guda, ni ce ban manta ba. In aka rasa alli a aji, mushe, malaminmu, ya ce wa ya ɗauka, sai amshin ya taso mini, gumi ya karyo, alhali ko taɓawa ban yi ba. Na yi aure, na haihu, Iya ta rasu, waƙar tana nan. Ko mantuwa na yi ban gaida maƙwabciya ba, sai na ji ta. Na yarda ni ce wadda ke gani ta ɓoye, dole in riƙa gadin kaina.

Bara Yaya Hadiza ta zo ta kwana biyu a gidana. Ta tarar da ni a kan randa ina rerawa ƙasa-ƙasa, ban ma san ina yi ba.

“Ke Ramatu! Waƙar Iya ce wannan? Ina sauran?”

“Sauran me, Yaya?”

“Kai, Allah Sarki. Ashe rabi kika ɗauka kika gudu da shi shekara da shekaru.” Ta gyara murya:

“Wa ta riƙe igiyar guga?
Mai magana ce, mai magana.
Wa ta tsare ran ubanta?
Mai magana ce, mai magana.”

Ta ce yarinyar ta kama gugar ubanta ta faɗi gaskiya, kuma a daren Iya ta sa an maimaita baitin nan har sau biyar, da ƙarfi, tana kallon ƙofar ɗakin da na shige.

Halina bai bar ni ba. Wani lokaci ina zargin Yaya ce ta shirya baitin don ta kwantar mini da hankali, kuma babu Iya balle in tambaye ta. Duban murfi ma ban daina ba, sau ukun nan dai. Sai dai yanzu in waƙar ta taso, ba na ɗauke hannu daga kan randa sai na kai ta ƙarshe.