Iskar da ta Ci Motar Yayana

A lokacin ni matashi ne mai rawar kai a Dogon Dutsi, ba ni da aiki sai son mota. Yayana dillalin motoci ne, yana sauke su daga Kwatano. Da zai yi wata doguwar tafiya sai ya bar mini amanar motarsa ta hawa, wata baƙa mai turbo wadda ko ƙura ba ya bari ta kwana a kanta. Ya ce in riƙa zagayawa da ita kada ta yi sanyi, ni kuwa har Tibiri nake kai zagayen.

A hanyar Tibirin ta fara ba ni tsoro. Da safe tana tafiya kamar za ta tashi sama, amma rana na take sai ta mutu murus, in taka totur har ƙasa tana jan jiki. Bakanike ya duba, ya nuna mini wani ɗan famfo na lantarki. Ya ce aikinsa zagaya ruwa don sanyaya iskar da turbo ke turawa cikin inji, kuma ya mutu, shi ya sa iska mai zafi ke shiga tana kashe mata ƙarfi. Ya gargaɗe ni cewa akwai masu kama da shi a kasuwa waɗanda ba sa tura ruwa sosai, in je Yamai da tsohon a hannu in gwada baki da baki.

Da na koma gida Innarmu ta ga fuskata, ta tambayi abin da ya sami motar ɗanta. Ina sauri, na ce mata iska ce mai zafi ke shigarta da tsakar rana. Ta sake tambaya ko da tsakar rana na ce, kuma a wace hanya. Na amsa ina duba waya. Na manta sam cewa Inna a gidan bori ta tashi can wajen Ɗan Kassari, kuma a kunnenta iskar da ke shiga abu da tsakar rana ba ta busawa ba ce.

A Yamai na ba masu shaguna wahala. Na ƙi na arha, na ƙi wani tsohon famfo ɗan Kwatano saboda yana gurnani, na sa aka haɗa sabo da batir na ga yadda yake feso ruwa kafin na yarda. Na dawo ina jin kaina gwani.

Tun daga bakin layinmu na ji ƙauri. Na shiga na tarar rumfar zanar da nake ajiye motar ta zama toka, motar kuma ƙarfe ne baƙi zaune a kan ƙafafun da suka narke. Na tsaya a wurin da kwalin famfo a hannu. Maƙwabta suka gaya mini Inna ce ta zuba garwashi a kasko da turaren korar iska, ta tura ƙarƙashin motar, kusa da jarkar fetur da ni na ajiye a wurin, sai wuta ta kama. Na same ta a ɗaki an shafa mata maganin ƙuna a hannuwa duka biyu. Ko kuka ba ta yi. Ta ce in gode wa Allah, ai ɗanta abin ya zo nema, da ya rasa shi ya huce a kan ƙarfe.

Yayana mutum ne mai tsananin riƙon sunna, ko laya ba ya bari a shigo da ita gidan. Da ya dawo na gaya masa komai, ina jiran ya rufe ni da faɗa. Ya daɗe yana kallon hannuwan Inna, sannan ya ja ni waje ya ce kada in kuskura in gaya mata ma'anar iskar da nake nufi. Har yau ba ta sani ba, kuma bai sake ba ni ko makullin babur ba.

Na kwana biyu ina zaɓen famfo, amma ban tsaya na zaɓi kalmar da zan gaya wa mahaifiyata ba. Ku matasa masu kawo maganar gareji cikin gida, ku zauna ku yi wa iyayenku bayani har ku tabbata abin da kuka faɗa shi suka ji. Famfon yana nan a kwalinsa, sabo fil, babu motar da za a sa wa.